Tseren Kai Amarya Tsibiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai Hadiza, 'yar yayana, ɗakin mijinta a garin Tsibiri ba. Har yau in aka tayar da zancen, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni da taubashina Sani mun daɗe muna musu kan motocinmu. Tawa tsohuwar 'yar Faransa ce, doguwa, mai shan gazuwal, wato man dizal, cikinta nesa da ƙasa, ƙarfe zalla. Tasa ƙaramar 'yar Jafan ce mai esansi, wato fetur, ba hayaƙi, ba ƙara. Shi ya ce tawa akwala ce, sai ta gama tari take tashi. Ni na ce tasa gwangwanin tumatir ce, rairayin hanyar Jiratawa kaɗai ya isa ya sa ta kuka. (Gaskiya tasa ta fi saurin tashi, amma ko da wuƙa a wuya ba zan faɗa a gabansa ba.)

Da biki ya zo, na rantse amarya ba ta shiga motar kowa sai tawa, kuma ni zan riga Sani isa. Na wanke motar tas, na canza mata mai, na tsare ƙofar gida a unguwar Zariya tun azahar. Ko abincin biki ban ci ba, don kada in gusa Sani ya shige gabana. Duk wanda ya gifta sai na gaya masa yau za a ga gudu.

Gwaggo Rabi, jagorar 'yan rakiya, ta dube ni ta ce, "To, ɗana, tunda ka nace, buɗe ƙohwa." Aka fito da amarya a lulluɓe tana shessheƙa, ƙawaye na riƙe da ita.

Na taka mota. Na waiga madubi, babu Sani babu alamarsa. Daɗi ya kashe ni. Na shiga Tsibiri ina danna oda, dangin ango suka yanyame mu da guɗa. Na fito ina gyara hula, na buɗe ƙofa da kaina.

Wata tsohuwa daga dangin ango ta ɗaga mayafin amarya. Sai ga Iya Kande, maƙwabciyarmu mai ƙosai, tana ɓaɓɓaka dariya, baki ba haƙori. Ashe amaryar boko na ɗauko, wato ta ƙarya da ake turawa gaba don a zolayi dangin ango.

"Sannu direba," in ji ta. "Saura ƙiris in riga kowa lahira."

Wuri ya ɓarke da shewa. Ina tsaye riƙe da ƙofa sai ga motar Sani ta lallaɓo da Hadiza. Gwaggo ta sauko ta ce, "Kai da ka wuni kana cika bakin gudu, mi zai sa in ba ka ɗiyar mutane?"

Tsere dai na ci shi, ba ko tantama. Amma tun ranar na koyi cewa kafin mutum ya taka totur, ya fara tambayar wa aka zuba masa a baya.