Yadda Na Wayi Gari Da Mallakar Rami

Jama'a, yau da safe na hau matakala arba'in da biyu da ƙafa ɗaya da sanduna biyu, don in ga lauyar da ke ƙwato wa masu rauni haƙƙinsu. Ofishinta yana hawa na uku. Akwai na'urar hawa bene a ginin, amma an liƙa mata takarda wai ana gyara, takardar kuma har ta koɗe don tsufa. Uwar yara tana biye da ni da jakar takardu, tana ƙirga matakalar da ƙarfi, wai tana ba ni ƙwarin gwiwa.

Bari in koma baya don wanda bai ji labarin ba. Ni tela ne, shekara ashirin da uku ina taka keken ɗinki da ƙafar dama. Wata bakwai da suka wuce, Mai Girma Sarkin Yanka Kintinkiri ya zo bakin layinmu da jerin motoci, ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun ruwa. Gaskiya ya iya riƙon almakashi, ni da na san sana'ar nake faɗa muku. Aka haƙa rami mai zurfin ƙugu, aka yi tafi, aka ɗauki hotuna, aka watse. Bututu bai zo ba, ruwa bai zo ba, sai na sama, wanda ya cika ramin ya shafe bakinsa. Ranar da na taka shi, na ɗauka ɗan kududdufi ne.

Ƙashin idon sawuna na dama ya karye. Maƙwabta suka ciro ni suka kai ni wurin mai ɗori, don shi ne kusa. Kayan makaranta saiti sittin da aka ba ni ɗinki, haka na mayar da yadin aka kai wa wani telan. Wallahi wannan ya fi mini karayar ciwo, don da wannan ƙafar nake ciyar da mutum shida.

Washegari ina kwance ina nishi, sai tausayin al'umma ya taso mini. Na aika aka kira maƙwabcina kafinta, na ce ya nemo katakai ya rufe ramin kada wani ya faɗa. Na kuma ce, tunda dai za a yi, ya sa fenti ya rubuta a jiki: "Gudummawar Tela, Shago Na Uku," ya bi da lambar wayata. Uwar yara ta ce, "Maigida, aikin lada za ka yi ko talla?" Na ce mata mai hankali yana iya haɗa biyun. Ku riƙe wannan maganar, za ku buƙace ta nan gaba.

Da na fara dogara sanda, mai askin layinmu ya hure mini kunne. "Malam, ai diyya za su biya ka. Wanda ya haƙa rami ya bar shi buɗe, shi ke da alhaki." Na ɗauki ƙafa, wadda ta rage, na shiga ofisoshi. Masu bututu suka ce su bututu suka sani, tunda kuma babu bututu a ramin, ba nasu ba ne. Masu kwalta suka ce rami ba hanya ba ne, rashin hanya ne, su kuwa hanya suke kula da ita. Aka tura ni wurin ɗan kwangila, na tarar kamfanin ya sauya suna, ya koma sayar da kujerun ofis. Wani babban jami'i, Allah ya ƙara masa sanyin na'ura, ya tabbatar mini an kafa kwamitin da zai gano mai ramin. Na fito ina jinjina wa irin wannan tsari.

Daga nan na shiga neman lauya. Na farko ya ce shi rigimar fili kawai yake yi. Na biyu ya ce in biya kuɗin ganinsa kafin in buɗe baki, na gaishe shi da hannu na fito. Ta ukun ita ce wannan ta saman bene, wadda mai aski ya ce ba ta karɓar komai sai an yi nasara, sannan ta cire kasonta. Irin wannan ciniki ya yi daidai da aljihuna.

Barista mace ce mai fara'a da tabarau. Ta ba ni kujera, ta ba ƙafata wata, ta ce, "Baba, abu huɗu nake nema. A ce akwai wanda kula da wurin ya rataya a wuyansa. A ce ya yi sakaci. A ce sakacin ne ya jawo raunin. A ce kuma muna da hujjar raunin da asarar da ka yi. Mu fara da takardar asibiti."

Na ce mai ɗori ne ya yi aikin.

"Ya ba ka wata takarda?"

"Ya ba ni man shafawa, Barista."

Ta rubuta wani abu gajere. "Shaidu fa? Me ka ce wa mutane da suka ciro ka?"

Kafin in tsara amsa, uwar yara ta riga ni. "Cewa ya yi ba komai, shi ne bai duba gabansa ba. Sau uku ya faɗa, har da dariya, ƙafa na reto."

Na ce ai mutum ba zai yi raki a gaban jama'a ba. Barista ta ce ta fahimta, amma lauyan ɗaya ɓangaren ma zai fahimta, zai kuma ji daɗi ƙwarai. Ta ce duk da haka ba a rasa komai ba, asibiti zai iya ɗaukar hoton ƙashi ko yanzu. "Kawo hoton ramin yadda yake a buɗe, ba shinge, ba alamar gargaɗi. Shi ne ƙashin bayan ƙarar."

Nan na gyara zama, don an zo wurin da zan burge ta. Na ce hoto dai babu, amma na yi abin da ya fi hoto. Na kwashe labarin katakai na ba ta, har da fenti da lambar waya, ina jiran ta yaba.

Ta ajiye biro. Ta cire tabarau. Ta dubi uwar yara, uwar yara ta dubi silin.

"Baba, ka nemi izini kafin ka yi aiki a hanyar jama'a?"

"Izinin taimako?"

"Katakan masu kauri ne?"

Na ce kafinta ya kawo shawarar masu kauri, amma da na ji farashin sai na ga sirara ma katakai ne.

Ta ce, a hankali kamar mai yi wa mara lafiya bayani, "Rami a buɗe alhakin wanda ya haƙa ne. Amma wanda ya ɗora murfi ya ce wa duniya ku taka, babu komai, shi ma ya sa wuyansa a ciki. Kai kuma ba ka tsaya nan ba, har ka sa hannu da fenti."

Tana rufe baki wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na ce a raina, yauwa, talla ta fara aiki. Na ɗauka da muryar kasuwanci.

"Kai ne Tela, Shago Na Uku?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Riga ce ko wando?"

"Babur ne, da kiret goma na ƙwai, da kafaɗata. Katakonka ya karye da ni. Ina cikin ramin yanzu haka, lambarka nake karantawa."

Barista, wadda ta ji komai, ta miƙo hannu ta rufe bakin wayar ta ce, "Kada ka ce ba komai. Kada ka ce laifinka ne. Ka ce a kai shi asibiti yanzu." Sannan ta jawo sabon fayil ta rubuta sunana, wannan karon a ɓangaren wanda ake ƙara. Ta kuma sanar da ni cewa irin wannan aikin ba na kaso ba ne, biya ake yi tun farko.

Saukowa ta fi hawa wuya, uwar yara kuma ba ta ƙirga ko ɗaya ba. Da muka isa bakin layi an riga an tafi da mai ƙwai, Allah ya ba shi lafiya. A gefen ramin kuwa ga motar hukuma, ga jami'ai uku da igiyar awo, ɗaya yana kwafe lambata daga guntun katako.

Don haka ina taya kwamiti murna. Wata da watanni ana neman mai ramin nan, yau cikin awa ɗaya an same shi. Ban taɓa mallakar ko taku ɗaya na ƙasa ba a rayuwata, ga shi yanzu ina da rami sukutum a bakin titi. In da mai saye, ya san lambar da zai kira.