Ranar da Na Ƙaryata Allon Anti Rabi

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma wallahi na so in manta, da wata Laraba a masana'antar tace riɗi da nake aiki a Maigatari. Watana uku da kama aiki a matsayin mai kula da wuta, amma tuni na sa kowa ya saba kirana Injiniya.

Duk injinan gidan daga allo ɗaya ake sarrafa su: na tankaɗe, na fitar da tsakuwa, da bel ɗin da ke kai riɗi bakin buhu. Anti Rabi ce ke zama a gaban allon, shekararta takwas a kujerar. Janareton da ke ba su wuta kuma yana da wata 'yar na'ura da ke daidaita ƙarfin wuta da kanta, ta hana ta hawa ko sauka.

Da safiyar nan, babu wanda ya aike ni, na ɗauko mitata na auna wutar janareto. Sai ta nuna ɗari huɗu da sittin. Gabana ya faɗi (amma har da ɗan daɗi a ciki, don na samu abin gyarawa). Na garzaya na gaya wa Anti Rabi wuta ta yi yawa, za ta ƙona injina. Ta dubi allo ta ce ita ɗari huɗu cif take gani, kuma kunnenta bai ji wani canji a ƙarar injinan ba. Na yi mata bayani dalla-dalla cewa allon ya tsufa, mita kuwa ba ta ƙarya.

Na sa sukudireba a jikin 'yar na'urar nan na rage wutar. Fitilu suka dusashe, injin tankaɗe ya kama gurnani, ƙararrawa ta ɗau kuka, allon ya kashe komai. Na tayar, ya kashe. Na sake tayarwa, ya sake kashewa. Haushi ya kama ni har na ce zan cire wayar da ke sa shi kashewar. Anti Rabi ta miƙe ta tare akwatin wayoyin allon, ta ce ba a gabanta ba.

A waje tirela biyu na jiran lodi, direbobi sai leƙowa suke suna tsaki, 'yan dako sun zube a inuwa. Manaja, Alhaji Garba, ya tambaye ni sau uku me ke faruwa. Na ce na'urar ce ta mutu, sai an kawo sabuwa daga Kano. Sai ya ciro waya ya kira Malam Sabo, wani dattijon mai gyaran janareto a Gumel.

Bayan azahar Malam Sabo ya iso a babur. Ya auna da mitarsa: ɗari uku da arba'in. Ya karɓi tawa ya kai ta kusa da idonsa, sannan ya nuna mini wani ɗan zanen batir a kusurwa, wanda tun safe yake nan yana kallona.

“Injiniya, yaushe rabonka da sa mata batir?”

Tunda na saye ta ban taɓa buɗe bayanta ba. Ya bayyana wa Alhaji (da direbobi, da 'yan dako, don kowa ya matso) cewa irin wannan mitar in batirinta ya yi sanyi, ƙara lamba take yi. Na'urar lafiyarta ƙalau. Ya mayar da ita daidai inda na same ta da safe.

Anti Rabi ta danna koren maɓalli, injina suka tashi. Ko kallona ba ta yi ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai da aka tashi aiki ta ce, “Ƙanena, gobe in ka zo, ka fara gaishe da injinan kafin ka kama yi musu magani.”

Tun daga ranar, kafin in ce wani abu ya lalace sai na fara duba lafiyar ma'aunina, sannan in duba lafiyar mai riƙe da shi. Yawanci a nan binciken yake ƙarewa.