Ƙwayar Duna da Kiran Asuba

A wani gari can wajen Ningi an yi wani maharbi mai suna Tanimu, mutumin da Allah ya ba shi baiwa biyu: harbi da barci. Shi dai in ya kwanta, ko gangar tauri aka kaɗa a kansa sai dai ya gyara kwanciya. Sallar asuba kuwa yana yin ta, ba a ce ba ya yi ba, sai dai yakan jira rana ta fito ta shaida. Abokin tafiyarsa baƙin kare ne, Duna, wanda ya taɓa shiga tsakaninsa da gyado ya karɓi haure a kwankwaso. Raunin ya warke, amma zafin ya ƙi barin jijiya, har Duna ya koma ɗingishi yana kuka in an taɓa wurin. Ana cikin haka wata rana da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gida, yana shure-shure, kumfa na fita. Kafin ka ce kwabo unguwa ta watse, masu cewa haukan kare ne na yi, masu cewa ya taka 'ya'yan aljanu a dawa na yi.

Tanimu ya naɗe Duna a buhu, ya ɗaura a babur sai asibitin dabbobi. Likita ta duba, ta yi tambayoyi, ta ce, "Baba, ba hauka ba ne, farfaɗiya ce."

"Farfaɗiya? Wai irin ta mutane?"

"Irin ta. Ga ƙwaya nan. Ba ta cire ciwon ɗungurungum, danne shi take yi, kuma za ta sassauta masa zafin jijiyar nan. Amma fa tana da sharaɗi: safe da yamma, lokaci ɗaya kullum. Ka tsallake, ko ka ga ya samu sauƙi ka daina, abin zai dawo ya fi na da. Kana da agogo?"

Tanimu ya ce shi agogonsa rana ce. Likita ta yi ɗan tunani ta ce, "To ka bi ladan. Kiran asuba ɗaya, kiran magariba ɗaya."

Nan gizo ke saƙa. Ta magariba ba matsala. Ta asuba kuwa, a farkon lamari sai da matarsa Laure ta riƙa yayyafa masa ruwan randa. Amma da yake Duna ba ya haɗiyar ƙwaya sai an cusa ta cikin tsokar banda, bai daɗe ba ya gane cewa muryar ladan da nama tafiyarsu ɗaya. Ladan na gyara murya, Duna na ƙofar ɗaki yana karta, yana wani irin kuka mai shiga har cikin haƙori. Tanimu ya fito yana layi, ya ba da ƙwaya, yawu ya taɓa hannu, dole a wanke. To tunda ga buta a hannu, ga ido ya buɗe, ga masallaci taku kaɗan, ai sai a ƙarasa ladan. Haka aka wayi gari ana ganin Tanimu a sahun gaba, har wasu na taɓa shi su ji ko shi ne.

Wanda ya fi kowa murna shi ne Malam Hudu, na'ibin masallacin, wanda ya daɗe yana yi wa Tanimu wa'azi a majalisa bayan la'asar. Duk inda ya zauna sai ya ce, "Kun gani ko? Ruwa in ya daɗe yana ɗiga, dutse ma sai ya huje. Ga maharbi nan na huda shi." Kuma shi ɗin dai, Malam Hudu, shi ne ya kai ƙara wurin mai unguwa cewa a fitar da karen daga gari ko a kashe shi, don a cewarsa duk yaron da ya tsallake yawunsa zai ɗauki farfaɗiya.

Aka taru a zauren mai unguwa. Tanimu ya ɗaure Duna a gindin darbejiya, karen ya miƙe ƙafa ya kama barci abinsa, kamar ba kansa ake shari'a ba. Shi kuwa Tanimu ya san in aka kai Duna ƙauye wurin ƙanensa, ba mai bin ladan saboda kare, kuma faɗuwa ta gaba mai yiwuwa ba tashi.

Mai unguwa ya ce, "Tanimu, ka ji abin da Malam ya ce."

"Ranka ya daɗe, likita ta ce ba a ɗauka. Kuma tun da ya fara shan ƙwayar nan bai sake faɗuwa ba. Ɗingishin ma ya ragu."

Malam Hudu ya gyara rawani. Kun dai san malami da maharbi, tun kaka da kakanni ba sa ganin juna su ƙyale. Ya ce, "Likita! Yarinyar da ko alif ba ta sani ba? Ku dube shi can. Kare mai lafiya ne zai kwanta rana tsaka kamar an jiƙa tsumma? Wannan ai mutanen ɓoye ne suka danne shi."

"Allah gafarta Malam, ƙwayar ce. An gaya mini tun a asibiti, tana sa barci, musamman a farko."

"To ka ji! Kare ba farauta, ba gadi, sai ci da barci. Ko ɗan gidan mai kuɗi ne? Ranka ya daɗe, wane amfani wannan yake yi wa unguwa?"

Laure da ke laɓe bayan zana ta ɗaga murya ta ce, "Shi ke tashin maigidan salla!"

Sai tari nan da can a zaure. Malam Hudu ya miƙe zaune kamar an tsikare shi. "Subhanallahi! Aikin da na yi shekara da shekaru ina yi, makogwarona ya bushe, shi za a ɗauka a ba kare?"

Mai unguwa, wanda dama tun ɗazu yake cizon gefen rawaninsa, ya ɗaga hannu. Ya ce, "To magana ta zo da sauƙi. In wa'azin Malam ne ya tashi Tanimu, kare ba shi da aiki a garin nan, gobe a kai shi ƙauye. In kuwa karen ne, ni ba zan kori mai tashin mutum salla ba, kada a tambaye ni ranar gobe. Tanimu, tsakaninka da Allah, wanne ne?"

Malam Hudu ya juyo yana murmushi, yana shafa gemu. "Faɗa musu, maharbi. Kada ka ji kunyar kowa."

Tanimu ya dubi Duna, ya dubi Malam, ya sosa ƙeya.

"Allah gafarta Malam, ni ban raina wa'azinka ba, don da shi da ƙwayar Duna aikinsu ɗaya ne, duk barci suke sawa. Sai dai shi in ya sha tasa yakan farka da asuba, ni kuwa duk tsawon shekarun da na yi ina shan naka, ban taɓa farkawa kafin hantsi ba."