Nomau da Allura Iri Biyu

A Tsaunin Kanya, can ƙetaren kogi, an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Allah sarki Nomau! Ƙato ne, ga noma, ga zuciya fara sol, amma fa yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ya juya ta ya dubi bayanta. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Ladingo mai dariya har da hawaye, da tsohuwarsa Inna Tabawa, wadda ciwon fuka ya daɗe yana wahalarwa. Shi ne autanta, kuma shi kaɗai ya rage mata. A shekarun korona kowa a garin ya san in cutar nan ta shiga ƙirjin Inna, to sai dai wani ikon Allah. Nomau ma ya sani. Wannan kam bai taɓa fahimtarsa a baibai ba.

Wata rana mai shela ya zaga da gangarsa, don lokacin ba a ƙwace masa aikin da lasifika ba, yana cewa duk mai tsoho a gida ya nemo masa takunkumi. Nomau ya ajiye fartanya ya nufi kasuwa. Bai tsaya ko'ina ba sai layin masu jakuna, ya zaɓi takunkumi saƙar kaba, irin wanda ake ɗaura wa jaki kada ya ci shuka. Ya dawo yana murmushi ya durƙusa. "Inna, miƙo bakinki." Inna ta dubi abin, ta dube shi, ta lalubo mafici. "Ni ce jakar, ko? Ɗan nema!" Ladingo kuwa tana bakin murhu ta riƙe ciki, har tuwo ya kama.

Wata rana masu allurar rigakafi suka zo, suka kafa tebur a gindin tsohuwar ɗorawar nan da iska ta kayar daga baya. Shugabansu Malam Isiya ne, malamin asibiti, mutum mai haƙurin gaske. Shi Nomau sai da ƙarti suka danne shi aka yi masa, don tun yana yaro in ya ga allura sai ya shige dawa. Inna ko gezau ba ta yi ba. Da aka gama, Malam Isiya ya ce, "Allurar nan iri-iri ce. Na sa wa Inna iri mai kyau, a ɗan ba shi lokaci zai kama." Manomi ya ji an ce iri, ai shi ke nan. Kowace safiya sai Nomau ya zo da buta ya yayyafa wa dantsen Inna ruwa, ya tsuguna yana leƙe. In kaza ta matso ya kore ta. Da wurin ya ɗan kumbura, sai ya ruga gindin ɗorawa yana ihu, "Malam, ya tsiro! Yaushe za a yi noman farko?"

Haka aka yi allura ta biyu lafiya, damina ta zo ta wuce. Sai labari ya zo cewa jama'a, musamman tsofaffi da masu ciwo, su koma a yi musu ta ƙari, don ƙarfin na baya yana raguwa. To, ga inda gizo ke saƙar: irin da aka yi musu da farko, mai jan murfi, ya ƙare. Wanda aka kawo mai shuɗin murfi ne, na wani kamfani dabam. Nan fa zance ya cika gari. A bakin rijiya aka ce in iri biyu suka gamu a jikin mutum dambe suke yi, kuma ba wanda ke shan kashi sai mai jikin. Inna Tabawa ta ji, ta ce ita kam ba da ita ba.

Wata rana Nomau ya je ya tambayi Malam Isiya gaskiyar magana. Malam ya ce, "Kamfanoninsu ne daban, yadda aka yi su ma daban, amma aikinsu ɗaya. Kamar gero da dawa ne, duk yunwa suke kora. An yarda a haɗa su, ba komai." Nomau ya ce to. Can sai ga shi ya dawo da sabuwar ƙwarya da ludayi, ya dire a kan tebur. "Zuba min kowanne kaɗan-kaɗan, Ladingo ta iya damu. Da nono ake sha ko da ruwa?" Malam Isiya ya cire tabarau ya goge ido. "Nomau, ba a ƙwarya suke haɗuwa ba, a jiki ne." Nomau ya tafi yana jinjina kai, yana mamakin wa ke riƙe ludayin a can ciki.

Ana cikin haka Gwaggo Hakama ta rasu, aminiyar Inna tun suna 'yan mata, bayan tari da sarƙewar numfashi. Inna ta yi kuka ta gode Allah, amma ta ƙara kafewa. Ga shi an ce masu allura za su tattara kayansu bayan cin kasuwa, ba a san ranar dawowarsu ba. Nomau ya daina cin abincin kirki. Tsoro yake ji, tsoro na gaske.

Wata rana Ladingo ta ce, "Maigida, zama bai kama ka ba. Je ka shawo kan Inna." Nomau ya shiga ɗaki ya tsaya a kan tsohuwa, yana zagaya kanta yana duba ta gaba da ta baya. Inna ta ce, "Lafiya, Auta?" Ya ce, "An ce in sha kanki, na rasa ta ina ake kafa baki." Wannan karon ko maficin ba ta nema ba. Ta ce a gajiye, "Ka ƙyale ni. Ba mai yi min haɗe-haɗe, sai na ga wanda aka haɗa masa ya tashi da ƙafarsa." Ita kora ce ta yi masa, don ta san a garin ba wanda ya yarda.

Ranar kasuwa da hantsi aka nemi Nomau aka rasa. Ashe ya ɗaure awakinsa a inuwa, ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, don shi ma ya gaskata zancen damben nan har zuciyarsa. Sannan ya taka da kansa zuwa gindin ɗorawa, ba mai riƙe da shi. Ya naɗe hannun riga, ya runtse ido. "Malam, sa min mai shuɗin. In za su yi faɗan, su yi a nan."

Da azahar Inna na zaune a tsakar gida da tsofaffin da suka zo mata gaisuwar Hakama, sai ga Nomau dafe da dantse. Ya zauna daɓas a gabanta, ya miƙe. Ya sake zama, ya sake miƙewa. Tsofaffi suka fara salati, an ɗauka iskoki ne.

"Me kake yi haka, Auta?"

"An haɗa min, Inna. Ga shi ina tashi da ƙafata. Kin gani, ko in ƙara?"

Ko Ladingo ba ta yi dariya ba. Inna ta kamo hannunsa ta ga audugar da aka danna a wurin allurar, ta tuna yaron da ke shigewa dawa, sai ta ce:

"Kai da aka ce kashe mutum suke yi? Da ka mutu fa, wa ka bar min?"

Nomau ya auna maganar, don bai son ya ba da amsa ba daidai ba.

"Ai ba ki ce in mutu ba, Inna. Cewa kika yi in tashi."

Inna Tabawa ta share ido da bakin zane, ta ce a miƙo mata mayafi da sandarta. Da ta dafa ƙasa za ta miƙe, sauran tsofaffin ma sai kowace ta shiga neman takalminta.