Ranar da Na'ura Ta Tona Asirin Gyaɗata

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba a shekarar da abinci ya yi tsadar da ko kwanon masara sai an yi shawara. Muna tsakar gidana ni da Talatu matar ƙanina, da Asabe mai ƙuli-ƙuli, da Iya Ladi, sai Malama Binta, malamar gona da ta zo daga Bagwai da wata 'yar na'ura kamar waya. Ta ce na'urar tana gano gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa, wadda ido ba ya gani, tana cin hantar yara.

Murna ta hana ni zama. Shekara ashirin ni ke duba gyaɗar matan unguwarmu kafin a kai kasuwa, in na ce ba ta yi ba, ba ta yi ba. Yau ga boko ya zo ya tabbatar da idona! Har da kaina na jera su, na sa tawa a ƙarshe (don a rufe da mai kyau, kun gane).

Aka daka ta kowa, aka jiƙa, aka tsoma wani ɗan tsinken takarda aka zura a na'urar. Ta Asabe, duk karyayyu, wadda na sha yi wa faɗa, ta wuce lafiya. Na ce injin bai gama farkawa ba ne.

Da aka zo kan tawa, ja-jawur, ko ɗaya ba ta fashe ba, sai na'urar ta nuna akwai guba. Malama ta sake gwadawa. Sannan ta tambaye ni a hankali yadda nake ɓarewa. Na gyara zama na yi bayani da alfahari: ina yayyafa wa kwanson ruwa ya kwana don kada ƙwayar ta karye, in ɓare in ɗure a buhu.

"Inna, ai wannan damshin ne ke haifar da gubar," in ji ta.

Iya Ladi ta rufe baki da mayafi, tana ƙunshe dariya. "Yaya, ko shi ma injin ki yi masa faɗan?"

Ni da na koya wa rabin unguwa wannan dabarar! Ashe idon da ke kan kwanon kowa bai taɓa leƙa nasa ba.

Washegari ko kunu ban sha ba na ɗauki mayafi, na bi gida-gida ina cewa a daina yayyafin. Ban sassauta murya ba, sai dai ban haɗa ido da kowa ba.