Ranar da Na Koyar da Tarihin Birtaniya a Falon Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe goma da minti goma sha biyu na wata safiyar Asabar ba. A daidai lokacin na warware doguwar takardata a falon Gwaggo Hajara a unguwar Longsight, na ce, "Za mu fara daga lokacin da ƙanƙara ta rufe ƙasar nan."

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ranar Talata mai zuwa za ta rubuta jarrabawar da ake yi kafin a ba mutum izinin zama na dindindin, kuma ta riga ta faɗi sau ɗaya. Ajin kyauta da ita da ƙawayenta suke zuwa a laburare ya tsaya tun da aka yanke wa ƙaramar hukuma kuɗi. Sai mahaifiyata ta yi kyauta da ni ta waya: "Ai tarihi take karantawa a jami'a, za ta zo ta yi muku."

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na shafe mako guda ina shiri. Na taso daga Birmingham da katuna kala huɗu da takardar jerin ƙarnukan tarihi da ta fi ni tsawo (har ma'auni na sa, don kowane ƙarni ya samu haƙƙinsa). Na tarar da mata shida, biyu cikinsu sun yi musayar ranar aiki don su zo.

Na yi bayanin yadda a da ake takowa daga Turai da ƙafa, kafin teku ya raba. Na yi bayanin gatarin dutse, sannan na tagulla. Da aka zo kan tsoffin duwatsun Stonehenge na kawo ra'ayoyi uku, na ce masana ba su daidaita ba. Har aka yi azahar Romawa ba su iso ba.

Maman Grace, wata 'yar Jos mai aiki tare da Gwaggo, ta ajiye bironta.

"Malama, sarkin nan mai mata shida fa? Yau zai zo ko sai gobe?"

Na ce saura masa shekara dubu da ɗari biyar.

"To mu bas ɗin ƙarfe uku za mu kama." Ta miƙo mini wayarta. "Ga tambayoyin gwaji. Yi mana mu ga yadda masu ilimi suke yi."

Tambaya ashirin da huɗu ne, ana ci da sha takwas. Na riƙa karantawa da ƙarfi. Ta farko na ce ya danganta. Ta biyu na ce wanda ya rubuta ta ya taƙaita da yawa. Da aka zo kan furen kowane yanki da ranakun waliyyansu, sai matan suka riƙa rera mini amsar baki ɗaya, kamar 'yan aji ɗaya. Inda na ƙi bin su, nan na faɗi.

Wayar ta yi ja. Sha uku.

"Wayyo," in ji Maman Grace. "Hajara, a ina aka haifi yarinyar nan?"

"Birmingham."

"Allah ya taimake ta."

Gwaggo ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Ta naɗe takardata a hankali, ta ɗaura mata roba, ta zuba mini tuwo. A jirgin ƙasa na lissafa: awa huɗu na cinye mata, daga ranar hutu guda da ta rage mata. Nan na fara fahimtar cewa wanda ya tambaye ka hanyar kasuwa ba ya neman labarin wanda ya kafa garin.

Ranar Talata na aika mata saƙo. Shiru. Laraba na kira, ba ta ɗauka ba. Sai Alhamis ta kira da kanta, ina jin ƙarar bas a bayanta.

"Gwaggo, yaya?"

"Na ci, alhamdulillahi."

Na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko akwai wasu da ke bukatar taimakona.

"Akwai wasu mata a unguwar Sparkhill, can Birmingham ɗinku, da suka nemi lambarki," ta ce. "Na ce musu kin yi tafiya."