Zoben da Ya Tona Ƙuri'ata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe min sunayen jikokina, da ranar da na kai ilimin boko zaɓen ƙungiyar matan layinmu a Agege ta Legas. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Ni fa a sakandare ba ni da labari a Lissafi, Kimiyya kuwa daga nesa muke gaisawa. Amma darasin Gwamnati da na Tattalin Arziki, nan ne gidana. Malaminmu na Gwamnati, wani Bayarabe dogo, yakan ce wanda bai san yadda ake zaɓe ba, wasu ne za su yi ta zaɓar masa. Na rungumi maganar nan hannu bibbiyu. Na yi aure, na haihu, takardar shaidata tana ƙasan akwati, amma da an ta da hirar tsadar shinkafa ko ta 'yan majalisa a tsakar gida, sai na gyara zama na fara da "ai abin da ke faruwa shi ne". (Maigidan da ya ji na faro haka sai ya tuna akwai wanda zai gani a masallaci.)

Mutum ɗaya ce ba ta gajiya da ni, ita ce surukata, Hajiya. Ba ta haifi mace ba, don haka ta ɗauke ni 'ya. Ranar sunan 'yata ta fari ta zare zobenta na azurfa mai jan dutse ta sa min a gaban mata. Ya yi min ɗan yawa, sai nake naɗa masa zare, kuma duk layin ba wanda bai san tarihinsa ba. In ina zuba bayanina, Hajiya takan dubi mutane ɗaya bayan ɗaya kamar ita ta biya min kuɗin makaranta.

To, shugabar ƙungiyarmu ta koma Zariya da zama. Ƙungiya ce ta taimakon juna, biki, suna, rashin lafiya. Da can tsofaffi ne ke nuna wadda za ta gaji kujerar a wuce wurin, amma wannan karon mutum biyu suka ce suna so, Hajiya da Anti Bilki mai ɗinki. Aka ce to a ɗaga hannu a ƙirga. Ni kuwa uwar iyawa na miƙe na ce sam, ɗaga hannu gaba yake haifarwa, zaɓen gaskiya a asirce ake yin sa. Hajiya ta tafa hannu ta ce a ba 'yarta aikin, ita ta karanta abin a makaranta. Da na san abin da ke tafe, da na ce ciwon kai nake.

Aka shiga kamfen. Hajiya ta yi alkawarin anko na ƙungiya daga kasuwar Idumota, da rumfa da kujeru namu na kanmu saboda biki. Anti Bilki ba ta da magana sai ta kwatar layinmu, wadda da an yi ruwa take cika ta shigo wa mutane ɗaki. Nan Tattalin Arzikina ya motsa. An koya mana cewa in abin hannu kaɗan ne, sai a jera buƙatu a fara da wadda ta fi matsi, kuma duk abin da ka zaɓa, ka bar wani ne. Ɗakina shi ne na ƙarshe a gidan, wajen gangare, ruwa har ƙarƙashin gadon yara yake kai min. Hajiya tana ɗakin gaba mai tudu, ban taɓa gaya mata ba don kada ta ce ina ƙorafi da gidan ɗanta. Zuciyata dai ta tafi wajen Anti Bilki.

Amma bakina yana wajen Hajiya. Kullum da yamma ta aiko min tuwo da miyar kuka, ta kira ni ta tambaye ni yadda nake ganin tafiyar. Ni kuma na tanƙwashe ƙafa na ce ai ta gama lashewa, rantsarwa kawai ta rage. (Allah Ya yafe min, har da ƙarin man shanu nake karɓa.)

Da yake yawancin iyayenmu ba sa karatun boko, sai na ƙirƙiro dabara. Na samo bokitin fenti biyu, na huda murafensu, na ɗaura wa ɗaya koren ƙyalle na Hajiya, ɗaya rawaya na Anti Bilki, na ajiye su bayan labule a tsakar gidanmu. Kowace mace za a ba ta marfin kwalbar lemo ɗaya ta shiga ta saka. Kuma na kafa doka, a zura hannu har ƙasa a ajiye a hankali, kada a jefa a ji ƙarar bokitin da ya shiga.

Ranar Lahadi bayan la'asar gida ya cika. Na sha kwalliya, na tsaya na yi jawabin da ya sa wasu tsofaffi gyangyaɗi. Na kife bokitan a gaban kowa, na bubbuga ƙasansu don a shaida babu komai, sannan na rufe. Na ce yau ko mijinki, ko uwar da ta haife ki, ba wanda zai san wadda kika zaɓa. Na ce ƙirga kuwa a bainar jama'a za a yi, haka doka ta ce. Wata ta ce da Yarbanci wai lauya ta yi magana, aka yi dariya, ni kuwa kaina sai ƙara girma yake.

Ni ce ta ƙarshe da na shiga. Na waiwaya, na yi bisimilla, na zura hannu a bokitin rawaya. Hudar da na yi ta ɗan matse, sai da na murɗa hannun kafin ya fito. Na fito ina yi wa Hajiya murmushi, ita ma ta mayar min.

Aka kawo babban faranti. Na juye na Hajiya, aka ƙirga da ƙarfi. Na juye na Anti Bilki, tun daga ido an san ya fi tudu. Ana cikin haka sai wani abu ya fice daga cikin murafen, ya gangara, ya tsallake bakin faranti, ya bi siminti yana juyi, bai tsaya ko'ina ba sai gaban ƙafar Hajiya. Jan dutsensa yana sama.

Na dubi yatsana. Zare ne kawai ya rage a jiki.

Na buɗe baki na ce wataƙila tun lokacin da nake shirya bokitan ya faɗa. Wata tsohuwa da nake zaton barci take ta ce, a'a 'yar nan, ai ke kika kife mana su kika bubbuga. Sai dariya ta ɓalle, wasu har da riƙe ciki. Na nemi ƙasa ta tsage na shige, siminti ya ƙi.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya ta ɗauki zoben, ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ta je ta rungumi Anti Bilki ta yi mata addu'a, ta shige ɗakinta. Ranar ba tuwo. Washegari ma haka. Maigidan da na ba shi labari sai da ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce shi bai karanta Gwamnati ba, in je in warware da kaina. Ni kuwa ba kunyar layi ce ta fi cin raina ba, tsoro nake kada na rasa matar da ta riƙe ni kamar ita ta haife ni.

Da abin ya ishe ni, na je na durƙusa a bakin gadonta. Na faro da bayanin jera buƙatu, sai kuka ya ƙwace min, na faɗi gaskiya, ruwan kwata yana shiga har inda jikokinta ke kwana.

Ta ɗago ni ta zaunar kusa da ita. Sannan ta ce, "Faɗuwar ba ta dame ni ba, 'yata. Kullum ina tambayarki, kina ce min na lashe. Da kin ce min jikokina a kan ruwa suke kwana, ni da kaina zan saka wa Bilki."

Ta jawo hannuna, ta kwance bakin mayafinta. Ashe wajen maƙeri ta kai zoben aka matse shi. Ta tura min shi, ya zauna daram.

"Zaɓe na gaba ki zaɓi wadda kika ga dama," in ji ta. "Amma kada ki sake barin shaida."

An gyara kwata kafin damina ta sake zagayowa, kuma Hajiya ce ta tsaya a kan masu aikin tana yi musu faɗa. Ni kuwa har yau a layi Kwamishinar Zaɓe ake kira na. Ban daina son darussana ba, don ba su yi min ƙarya ba, ƙuri'ata inda ta dace ta tafi. Abin da ba a kawo mana a jarabawa ba shi ne, kafin ki ɓoye wa mace ƙuri'arki, ki fara gwada gaya mata damuwarki, musamman in tuwonta kike ci. Yanzu in an zo zaɓe, ko na gwamna ne, a gida nake cire zoben na ba Hajiya ajiya.